Teburin Ƙarfe, Abokai Takwas da Takardar Kuɗi

A wannan mako filin namu zai leƙa wani irin gidan cin abinci wanda asalinsa na ƙasar Japan ne, amma yau ya bazu a manyan biranen duniya, tun daga Niyok da Landan da Dubai har zuwa nan Ikko. Sunan irin wannan girki teppanyaki. Abin da ya sa muka ɗauko zancensa shi ne, ya zama ɗaya daga cikin wuraren da matasa masu ɗan abin hannu suka fi son tara abokansu idan ranar haihuwar ɗayansu ta zagayo. Ɗalibanmu da ke karatu a ƙasashen waje, da ma'aikatanmu, da 'yan kasuwarmu masu yawan tafiya, da yawansu an taɓa kiransu irin wannan zama. Wanda kuma ba a kira shi ba ya ga hoton a waya: wuta ta tashi sama, mutane sun ja da baya suna dariya, mai biki yana tsakiya ya washe baki.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne abin da kan faru bayan wutar ta mutu an kawo takardar kuɗi. Can ne zumunci kan gamu da jarrabawarsa, kuma can muka dosa. Amma bari mu fara sanin wurin tukuna, domin wanda bai san gari ba, ba ya yi masa kirari.

Kalmar teppanyaki kalmomi biyu ne aka haɗa a harshen Japanawa. Teppan na nufin faifan ƙarfe, yaki kuma gashi ko suya. Watau dai gashi a kan ƙarfe. Tsakiyar teburin da ake zama shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne mai kauri, ana hura masa wuta daga ƙarƙashi, an kewaye shi ta gefe uku da katako inda baƙi ke ajiye farantansu. Gefe na huɗu na kuku ne. Kaurin ƙarfen nan shi ne asirin abin, gama ƙarfe mai kauri in ya ɗauki zafi ba ya saurin sakinsa, ko da an ɗora masa ɗanyen nama mai sanyi. Saboda haka bayan naman kan soyu nan take ya yi ja, cikinsa kuwa ya zauna da taushinsa da romonsa. A sama akwai bututu mai zuƙe hayaƙi, don kada baƙi su tashi da ƙauri a tufafinsu kamar waɗanda suka kwana a tukuba.

Galibi mutum takwas ke zama a tebur guda. In ku huɗu kuka zo, sai a haɗa ku da waɗansu huɗu da ba ku taɓa gani ba. Kuku zai turo ɗan kekensa ɗauke da naman sa, da kaza, da jatan lande, da dafaffiyar shinkafa, da ƙwai, da albasa, da tafarnuwa. Zai rusuna ya gaishe ku, ya tambayi kowa yadda yake son namansa. Daga nan sai wasa ya kankama. Zai jefa wuƙa sama ya cafe. Zai juya ƙwai a kan ƙarfe kamar katantanwa, ya cilla shi, ya tare shi da kaifin cokali ya tsage biyu. Zai yanke wutsiyar jatan lande ya wurga ta ta faɗa aljihun rigarsa ko kan doguwar hularsa. Babban abin da ake jira kuwa shi ne dutsen albasa. Akan yanka albasa zobe-zobe, a jera manya a ƙasa, ƙanana a sama, har ta yi tsini, a tsiyaya mai da wani ruwa mai saurin kama wuta a ciki, a ƙyasta. Sai harshen wuta ya yi tsiri ta bakinta kamar dutse mai aman wuta. A daidai nan ne kowa ke ɗaga wayarsa.

Ga wanda ya tashi yana tsayawa gaban mai tsire, yana nuna tsinken da yake so, ana ɗora shi a wuta yana kallo, dafa abinci a idon mai saye ba baƙon abu ba ne. Dalilin ma ɗaya ne, gani ya kori ji. Sai dai shi mai tsire kuɗin nama kaɗai yake karɓa, kallo kyauta ne.

Mai karatu zai iya zaton wannan tsohuwar al'ada ce da Japanawa suka gada tun kaka da kakanni. Tarihi bai ce haka ba. Mutanen Japan sun shafe kimanin shekara 1,200 suna ƙyamar naman dabbobin gida. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da karnuka da birai da kaji a watannin noma, kuma sarakunan da suka biyo baya suka riƙa sabunta irin wannan hani bisa koyarwar addinin Buda. Saniya a wurinsu abokiyar huɗa ce, abincin ƙasa kuwa shinkafa da kifi da waken soya. Sai a 1872 aka ba da sanarwa cewa Sarki Meiji da kansa ya ci naman sa, domin talakawansa su san zamani ya juya. Shekara huɗu kafin haka, a 1868, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kobe ga baƙin 'yan kasuwa, kuma ta bakin waɗannan baƙi sunan naman Kobe ya fara fita duniya.

A wannan birni na Kobe aka haifi teppanyaki irin wanda muka sani. A 1945, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, birnin yana kwance cikin toka saboda ruwan bama-bamai, wani mutum mai suna Shigeji Fujioka ya buɗe gidan abinci mai suna Misono. Da farko wani irin fanken fulawa da kabeji yake soyawa a kan faifan ƙarfe, daga baya ya fara ɗora naman sa. Gidan, wanda har yanzu yake aiki, ya ce shi ne mafarin wannan girki. Waɗanda suka fi yin tururuwa zuwa wurinsa kuwa baƙi ne, musamman sojojin Amurka da suka mamaye ƙasar a lokacin, domin su ne ke da kuɗi, su ne suka saba da nama, kuma su ne kallon hannun kuku ya fi burgewa. Ashe tun ranar suna, idon baƙo aka yi wa wannan abinci.

Wanda ya mai da shi wasan kwaikwayo kuwa wani ɗan kokawa ne haifaffen Tokyo a 1938, Hiroaki Aoki, wanda Amurkawa suka laƙaba wa suna Rocky. Da ya koma birnin Niyok da zama, sai ya yi hayar mota yana sayar da askirim a unguwar Harlem, har ya tara dala 10,000. Da wannan jari, da taimakon mahaifinsa, ya buɗe gidan abinci mai tebur huɗu kacal a 1964, ya sa masa suna Benihana, watau jan fure, sunan shagon da iyayensa ke da shi a Tokyo. Watannin farko kasuwa ta ƙi, kujeru suka yi ta shan ƙura. Sai wata 'yar jarida, Clementine Paddleford ta jaridar New York Herald Tribune, ta ci abincin ta yaba shi a filinta, nan da nan layi ya kafu a ƙofa. Har zakaran damben duniya Muhammad Ali yana cikin waɗanda suka zauna a teburinsa. Aoki mutum ne mai son a riƙa jin sunansa: a 1981 shi da waɗansu mutum uku suka ƙetare tekun Fasifik a cikin balan-balan, daga Japan zuwa Kalifoniya. Ya rasu a 2008. A 2024 aka sayar da kamfanin da ya mallaki Benihana a kan dala miliyan 365.

To, mene ne asirinsa? A 1972 makarantar koyon kasuwanci ta Jami'ar Harvard ta rubuta darasi guda a kan gidan nan, wanda ɗalibai suka daɗe suna karantawa. Aoki ya lura cewa Amurkawa suna sha'awar baƙon wuri amma suna tsoron baƙon abinci, kuma suna zargin abin da ake yi a bayan ƙofar kicin. Sai ya fito da kicin ɗin fili, ya taƙaita abincin ga abu uku da kowa ya sani, naman sa da kaza da jatan lande. Da haka asarar kayan abinci ta ragu. Wurin da kicin da sito ke cinyewa ya sauko zuwa kashi 22 cikin 100 na ginin, alhali a sauran gidajen abinci yakan kai kashi 30, aka cika ragowar da kujeru. Kuɗin ma'aikata ma ya sauko zuwa kashi 10 ko 12 cikin 100 na ciniki, tun da kuku shi ne mai dafawa, shi ne mai rabawa, shi ne mai ba da dariya.

Akwai kuma aikinsa na huɗu wanda baƙi ba su cika lura da shi ba. Kuku shi ne agogon teburin. Shi ke yanke lokacin da za a fara da lokacin da za a gama. In ya kammala, zai kankare ƙarfen tas, ya rusuna, ya tura kekensa ya tafi. Abin zaƙin da za a kawo a ƙarshe askirim ne, wanda ba ya jiran doguwar hira. Darasin Harvard ya nuna cewa a tsakaice awa guda ake yi a tebur, in ana cunkoso ma minti 45, sannan waɗansu takwas su maye gurbi. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na awa guda, za mu komo kansa.

A can Japan kuwa, in ka shiga babban gidan teppanyaki a Kobe ko Tokyo, da wuya ka ga ana jifa da wuƙa. Kuku zai nuna maka yankin naman tun yana ɗanye, ya gasa shi a natse, ya yanka maka loma-loma, ka ci da ɗan gishiri da soyayyiyar tafarnuwa. Naman da aka yarda a kira na Kobe ma sai na shanun Tajima da aka haifa aka kuma yi kiwonsu a lardin Hyogo, bisa ƙa'idar wata ƙungiya da aka kafa a 1983, kuma ba a fara fitar da shi ƙasashen waje ba sai a 2012. Dutsen albasa da tsallen ƙwai ƙarin gishirin Amurka ne. Ko sunan da Amurkawa ke kiran gidajen da shi, hibachi, a Japan sunan kaskon garwashi ne na jin ɗumi a ɗaki.

Shi kansa bikin ranar haihuwa baƙo ne a Japan. A tsohon lissafinsu, wanda suke kira kazoedoshi, jariri yana faɗowa duniya yana da shekara ɗaya, kuma kowa da kowa yana ƙara shekara a rana guda, ranar sabuwar shekara. Yaron da aka haifa a daren ƙarshe na shekara, kashegari ɗan shekara biyu ne. Gwamnati ta yi dokar ƙidaya irin ta Turawa tun 1902, jama'a suka ci gaba da abin da suka saba, sai da aka sake wata doka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1950. Maƙwabciyarsu Koriya ta Kudu ma sai a watan Yunin 2023 ta soke irin wannan lissafi a harkokin hukuma. Bukukuwan shekaru da Japanawa suka gada na matakan rayuwa ne. Akwai na yara 'yan shekara uku da biyar da bakwai, wanda ake yi ranar 15 ga Nuwamba. Akwai kanreki, ranar da dattijo ya cika shekara 60, a sa masa jar riga alamar ya zagayo ya koma sabon haihuwa. Akwai kuma na shekara 77 da na 88.

Wannan bai yi nisa da abin da muka tarar a gida ba. Tambayi dattijo a ƙauye shekarunsa, zai ce maka an haife shi shekarar zuwan Sarauniya, watau 1956, ko ya yi aure shekarar canjin kuɗi, watau 1973. Rana da wata ba su dame shi ba. Maganar halacci ko rashin halaccin bikin ranar haihuwa kuwa malamai sun yi saɓani a kanta, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Muna magana ne a kan abin da ke faruwa a zahiri.

Ka ga ke nan abu uku ne na aro suka haɗu a tebur guda: girkin 1945, da ƙidayar 1950, da wasan 1964. Masu gidajen kuwa sun san darajar mai biki. Shi ya sa da yawansu ke aika wa mutum takardar rangwame a watan haihuwarsa, don sun san ba zai zo shi kaɗai ba, zai jawo mutum bakwai masu biyan cikakken kuɗi. Ko waƙar da ma'aikata ke zuwa su rera masa da tafi da ɗan ganga, tana da tarihin kuɗi a bayanta. Shekaru da yawa kamfanin Warner/Chappell yana karɓar kuɗi daga masu amfani da sananniyar waƙar nan ta ranar haihuwa a harkar kasuwanci, shi ya sa gidajen abinci a Amurka suka ƙirƙiro nasu. Sai a 2015 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ce kamfanin ba shi da wannan iko, a 2016 kuma ya yarda ya mayar da dala miliyan 14.

Aro ba laifi ba ne, kuma ɗan kasuwa bai yi zunubi ba don ya nemi riba. Abin da ya rage shi ne mai gayya ya san abin da ya saya, da kuma abin da ya rataya a wuyansa game da mutanen da ya tara. Abubuwa uku ne.

Na farko kuɗi. A wurin Bahaushe, wanda ya ce zo mu ci shi ke da biya, kuma abin kunya ne a miƙa wa baƙo lissafi. A Jamus ma galibi mai bikin ne ke ɗaukar nauyin waɗanda ya kira. A Amurka kuwa abin a juye yake, abokai ne ke raba kuɗin a tsakaninsu, har su biya wa mai biki nasa. Idan mutanen da suka tashi a al'adu daban-daban suka zauna tebur guda, kowa da abin da ya ƙudura a zuciyarsa, babu kuma wanda ya furta, to an shuka rigima tun kafin a kunna wuta.

A ƙaddara ɗalibai takwas ne suka taru a wani birni na Amurka. Ɗayansu ɗan alawus ɗinsa yake lallaɓawa, ya duba takardar abinci a hankali, ya zaɓi kaza ta dala 30, ya sha ruwa. Na kusa da shi ya haɗa nama da jatan lande da abin sha na dala 80. Jimlar teburin ta kama dala 440. Aka ɗora haraji da tukuicin ma'aikata, wanda a can tamkar wajibi ne, ta tashi dala 550. Sai wani mai baki ya ce a raba daidai, ban da mai biki. Dala 550 a raba wa mutum bakwai, kowa kusan dala 79 ke nan. Yaron nan da ya ci na 30 zai biya, domin kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. Zai kuma yi murmushi a hoto. Amma kuɗin cefanensa na mako guda ya tafi, kuma baɗi in an sake kiransa zai ce yana da jarrabawa. Shi kuwa mai biki zai riƙa cewa wane ya canza, ya daina shiga mutane. Da haka abota ke sirancewa har ta tsinke, ba wanda ya zagi wani. Mu na nan gida ma, mai gayya ya tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, sannan ya dubi farashin da ke jikin takardar abincin ya kwatanta, kafin ya rubuta sunayen waɗanda zai kira.

A nan ne Japanawa ke da abin da ya fi dutsen albasa cancantar aro. Su ma suna raba kuɗi, suna kiran abin warikan. Amma in za su yi taron cin abinci, sukan naɗa mutum guda, kanji, wanda zai nemi wuri, ya san farashi, ya sanar da kowa tun kwanaki kafin ranar cewa abin da zai kama kowane mutum kaza ne. Wanda ya ga zai iya ya amsa, wanda ba zai iya ba ya ba da uzuri, mutuncinsa a rufe. Shi kanji ne zai tattara kuɗin, ya je ya biya, ba tare da an baje lissafi a gaban jama'a ba. A wuraren aiki ma akan sa manya su ba da fiye da na ƙanana. Tukuici kuwa ba al'adarsu ba ce sam. Kalma ɗaya tak a cikin saƙon gayyata, cewa ni zan biya, ko kuwa kowa zai biya abin da ya ci kuma zai kama kimanin kaza, ta isa ta tsare abotar shekara goma. Rigakafi, in ji masu magana, ya fi magani.

Na biyu abin da ke shiga ciki. Faifan ƙarfe ɗaya ne ga mutum takwas, kuma cokalin da ya juya na wancan shi zai juya naka. In baƙon da aka haɗa ku da shi ya nemi naman alade, a kan ƙarfen nan za a soya. Girkin Japanawa kuma yana yawan amfani da sake, watau giyar shinkafa, da mirin, wata giyar shinkafar mai zaƙi da ake zubawa a miya don ta yi sheƙi. Ruwan da ake tada wutar albasa da shi ma sau da yawa barasa ce. Musulmin da aka gayyata yana da haƙƙin ya san wannan tun daga gida. Haka nan wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande, domin akwai mutanen da ɗan ɓurɓushinsa kaɗai ke kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya gagara. Maganin abin mai sauƙi ne. Mai gayya ya buga waya tun da wuri, ya tambayi inda naman ya fito da abin da ke cikin miyar. Gidaje da yawa sukan yarda su wanke ƙarfen, su fara dafa na mai uzuri, ko su dafa masa daban a kicin. Wanda ya cika kujeru takwas da mutanensa kuwa ya huta da zancen baƙon tebur. Amma a bar aboki ya zo ya zauna yana juya shinkafa a faranti, yana jin nauyin tambaya, wannan ba karamci ba ne.

Na uku lokaci, kuma a nan za mu komo kan awa gudan nan. An jera kujerun ne kowa na fuskantar kuku. Wanda ke wannan ƙarshe ba ya jin muryar wanda ke wancan, ga ƙarar cokali, ga ƙugin bututun hayaƙi. Ga mutanen da ba su san juna ba wannan alheri ne, domin wasan kuku yana cike gurbin shiru, ba wanda zai takura. Amma ga abokan da suka shekara ba su haɗu ba, abin yakan zama asara. Wani a cikinsu ya rasa aiki, wani mahaifiyarsa na kwance a asibiti, wani yana neman wanda zai ba shi shawarar aure. An zo, an yi dariya, an ɗauki hoto, an watse, ba wanda ya tambayi wani yaya gida tambaya ta gaske. Japanawa sun san zama ɗaya ba ya isa, shi ya sa suke da abin da suke kira nijikai, watau zama na biyu, inda ake tashi daga wurin cin abinci a koma wani wuri mai natsuwa a yi hira. Namu zama na biyun bai buƙatar komai sai tabarma da butar shayi a ɗakin ɗaya daga cikin abokan. Mai gayya ya sa shi cikin shiri tun farko, kuma ya kira har waɗanda aljihunsu bai kai su teburin ƙarfe ba. Zumunci dai a ƙafa yake, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kada kuma a manta da mutumin da ke tsaye a gefe na huɗu. Tun la'asar yake gaban zafin ƙarfe, ya maimaita barkwanci guda sau biyar ko shida a dare ɗaya, kuma kowane tebur yana so ya ga kamar dominsa aka ƙirƙiro shi. Japanawa in sun gama cin abinci sukan ce gochisosama, godiya ce ga wanda ya sha wahalar tanadinsa. A ƙasar da ake ba da tukuici a ba shi da hannu sake, inda ba a bayarwa kuwa a yi masa sannu da aiki da sakin fuska.

Saboda haka, jama'a, wanda Allah ya hore masa ya je ya ga wutar albasa, abin kallo ne, kuma naman yana da daɗi. Sai dai kafin ya aika da gayyata ya zauna ya amsa tambaya uku: wa zai biya kuma nawa, me za a ɗora a kan ƙarfen, kuma ina za a zauna a yi hira bayan kuku ya tura kekensa. Shekarar da ta ƙaru a kan mutum raguwa ce daga kwanakinsa, kuma abokan da za su zo gaishe shi ranar da ba wuta ba hoto, su ne ya kamata ya yi tattalinsu tun yau. Allah ya ƙara mana shekaru masu albarka, ya bar mu da masoyanmu na gaskiya. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.